Takardar Tsire

Daren Laraba, ƙarƙashin gadar Kwangila,
na sayi tsire na ɗari biyar.
Mati ya barbaɗa yaji, ya yanka albasa,
ya miƙo mini a naɗe.
Ina tafe ina ci, mai ya ratsa takarda,
ta yi haske kamar gilashin fitilar ƙwai,
sai ga fuska tana kallona.

Dije Tanimu.
Maɗinkiya ce a Tudun Wada, na san ta.
Da birona na cike mata wannan fom
ranar da ta zo neman rancen keke.
Ga lambar katin ɗan ƙasa, goma sha ɗaya cif,
ga lambar asusu,
ga ranar haihuwar da muka ƙiyasta tare
daga shekarar da rijiyar gidansu ta rufta.
Ga sunan mahaifiyarta,
wanda ko ita sai da ta sunkuyar da kai ta faɗa.
Ga dangwalen yatsanta, shuɗi,
ƙuli ya kwanta a kansa.

Naman ya tsaya mini a wuya.

Na koma. Mati ya ce buhu guda ya saya, bisa sikeli,
wurin masinjan ofishinmu.
Yaron bai yi sata ba.
Ni na ce, "Kwashe tarkacen nan, kabad ta cika."
Ban ce ina zai kai ba.

Ɓarawon yanzu ba ya haura katanga,
kare ba ya jin motsinsa.
Suna yake nema da 'yan lambobi,
ya zura su kamar rigar aro,
ya ci bashi a ciki, ya tuɓe, ya wuce.
Mai rigar tana can tana taka keke
har ranar da za a yi sallama a zaure
da takardar kuɗin da ba ta taɓa gani ba.

Na fanshi buhun ninki uku.
Na bi mai ƙosai a Muciya, na bi mai gyaɗa a Agoro,
ina sayen kunyata falle-falle.
Ɗari huɗu da sha biyu suka fita.
Ɗari uku da tamanin da ɗaya suka dawo.

Akwai injin daddatsa takarda a ofis,
yana nan a lulluɓe tun zuwansa,
wuta ba ta zama, mu ma ba mu matsa ba.
Sai na mirgino ganga bayan shago, nan Sabon Gari.
A nan na koyi cewa takarda mai taurin kai ce:
in ka zuba ta a dunƙule, gefe ke ci,
tsakiya na nan fari fat da sirrin mutane.
Sai ka sa rodi ka tona, ka juya,
hayaƙi na yi maka tambayoyi a ido.
Toka ma ba ta da amana.
Na ɗaga wani baƙin falle, ga harufa suna sheƙi,
ana iya karanta rabin suna.
Na kwara ruwa, na dama,
har ya koma kamar ƙasar gini.

Malama Lantana ta tsaya shaida.
Mun rubuta rana, mun rubuta adadi, mun sa hannu.
Hannuna ya bar baƙi a littafin.

Saura talatin da ɗaya.
Suna wani kwata, ko cikin akuya,
ko aljihun wanda ya iya karatu.

Jiya na je Tudun Wada.
Dije ta tsayar da keke, ta ce, "Akawu, lafiya?"
Na ce ta rufe wancan asusu, mu buɗe sabo.
Ta ce, "Me ya faru?"
Na daɗe ina kallon zaren da ke bakin allura
kafin na faɗa mata.

Yanzu da kwano nake zuwa wurin Mati.